Bareyi Uku a Gindin Aduwa

A shekarar 1974, a wani ƙauye tsakanin Dungas da Mallawa, an yi wani yaro ɗan shekara goma sha biyu. Yana aji biyar a lakwal, wato makarantar boko. Yana da ƙoƙari a karatu, amma Allah ya zuba masa gaggawa. In aka ce za a aike shi, kafin a faɗi inda za shi har ya kai ƙofar gida.

Sunan mahaifinsa Illo. Yana noma, yana kiwo. Kafin farin da aka yi a shekarun nan, shanunsa sun kai talatin. Fari ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Da bazarar wannan shekara ta zo, saniya huɗu kaɗai suka rage masa.

Waɗannan huɗun su ne suka riƙe gidan. Da nononsu ake dama ɗan geron da ya saura a rumbu. Kowace safiya Illo yakan shafa su, yana kiran kowace da sunanta. Wadda ya fi so ita ce Tattabara, wata mai launin toka.

A bayan gari akwai wani tafki da ya ƙafe. A tsakiyarsa Illo ya haƙa ƴar rijiya don shanunsa. Mutane ba sa shan ruwanta, suna da rijiyar siminti a cikin gari. A gefen rijiyar akwai komi na itace, wanda ake zuba wa shanu ruwa a ciki. Gugan gidan kuwa ɗaya ne tak, na fatar sa.

Wata Alhamis, ranar da ba a zuwa lakwal, Illo ya ɗaura wa jaki akumari. Zai tafi Mallawa neman dusa. Ya kira yaron.

"Yau kai za ka shayar da shanu," in ji shi. "Ka ja guga a hankali. Kada ka bari ya gogi itacen bakin rijiya."

"To, Baba."

"Na ce a hankali."

"Na ji, Baba."

Kakar yaron, Dada, tana zaune a inuwa tana kaɗi. Ta yi dariya.

"Wannan mijin nawa ne zai yi abu a hankali?" ta ce. "Sai dai in za ka sayo masa hankalin a Mallawa."

Yaron ya tura baki, ya saɓi guga, ya kora shanu.

Ja na farko ya yi a hankali. Na biyu ma haka. Sai ya tuna abokansa suna can suna langa a bakin kasuwa. Ja na uku ya fizgo igiya da ƙarfi. Guga ya maƙale a wani tsinin itace. Kyat! Ya yage kamar faɗin tafin hannu. Ruwa ya tsiyaye, ya koma rijiya.

Shanu sun lashe ɗan abin da ke cikin komi, suna kallonsa suna kuka. Akwai baduku a garin, amma baduku abokin Baba ne. In ya kai masa gugan, kafin la'asar labari ya kai gida.

Ya ɓoye gugan a gindin wata sabara. Ya nufi daji, yana tunanin abin da zai faɗa.

Rana ta take tsaka. Babu iska ko kaɗan. Ya yi ta tafiya, kansa a sunkuye, har ya bar gonaki a baya. Can sai ya tsaya cak. Ya rasa abin da ya tsayar da shi. Ya saurara. Sannan ya gane. Ba ya jin motsin komai. Ba kukan kurciya, ba na gyare. Dajin ya yi tsit, sai bugun zuciyarsa.

A gabansa akwai wata babbar aduwa. A inuwarta ya hango wasu abubuwa jajaye a kwance. Ya matsa yana sanɗa. Bareyi ne, guda uku.

Ya yi mamaki. Barewa ai ba ta yarda mutum ya kusance ta. Ko daga nesa ta ji ƙanshinka, sai dai ka ga ƙurarta. Ya ɗauki hoge ya jefa. Ba wadda ta motsa. Ya tafa hannu. Shiru.

Sun mutu, su duka ukun. Idanunsu a buɗe suke.

Yaron ya saba ganin mushe. A shekarun fari ya ga na shanu, ya ga na jakuna, ya ga na raƙuma. Amma bai taɓa ganin irin wannan ba. Ya zagaya su. Ba kibiya, ba tarko, ba cizon kura. Ba su rame ba, balle a ce yunwa ce. Cikinsu ya kumbura tim. Jini yana fitowa daga hancinsu, baƙi ƙirin kamar tawadar allo. Bai daskare ba. Yana ɗiga a hankali, ƙasa tana shanyewa.

Ya taɓa ƙafar ɗaya da sanda. Ƙafar ta lanƙwashe lagwaf. Ba ta sandare ba, sai ka ce mai barci.

Wani abu a ransa yana ce masa ya gudu. Har ya juya. Sai idonsa ya faɗa a kan fatar babbar cikinsu. Fata ce mai kyau, ba tabo ko ɗaya.

"Mushe dai ba a ci," ya ce a ransa. "To ni ai ba ci zan yi ba. Ƴar fata kawai nake so."

Ya zaro ƴar wuƙarsa ta kiwo. Ya durƙusa, ya kau da kai don kada ya ga idon barewar. Ya yanko fata daga haƙarƙarinta. Wuƙar ta zame ta ɗan tsaga masa babban yatsa. Bai kula ba. Ya naɗe fatar, ya ruga. Bai waiwaya ba sai da ya ga gonaki.

Ya saci jiki ya ɗauko basilla a ɗakin Baba. A gindin sabara ya kankare gashin fatar. Ya yanka siraran tsirkiya daga gefenta, ya ɗinke gugan da su. Ya shafa laka a kan facin don ya yi duhu. Aikin ya yi kyau, ba laifi.

Ya zura guga, ya jawo, ya juye a komi. Ruwan farko ya ɗan yi ja-ja. Ya sa hannu ya karkaɗa shi har ya ɓace. Tattabara ce ta fara kai baki, don ita ce shugabar sauran. Ta sha, ta sha, sannan ta ba su wuri.

Washegari da safe Illo ya ɗauki guga, ya juya shi.

"Wa ya yi wannan faci?"

"Ni ne, Baba. Ɗan yagewa ya yi."

"Ina ka samo fata?"

Yaron ya dubi ƙasa. "Wajen baduku. Guntuwa ce da ya yar."

Illo ya shinshina. "Ba ta jemu ba, warin ɗanya take yi. Amma ka yi dabara. Ashe ka fara zama mutum."

Ya dafa kan yaron, ya wuce rijiya. Da duka Baba ya yi masa, da ya fi masa sauƙi a kan wannan yabo.

Ranar Lahadi babban yatsansa ya fara ƙaiƙayi. Wani ɗan ƙurji ya fito, kamar cizon sauro. Ranar Talata ƙurjin ya ɗuri ruwa, ya fashe. Yaron ya samo tsumma ya ɗaure.

Kullum in zai tafi lakwal, yakan hango ungulaye suna shawagi can wajen aduwar nan. Sai ya sunkuyar da kai, ya ƙara sauri. Ba ya son tuna idanun nan.

Abinci ma ya daina shiga. Dada ta lura.

"Maigidana, lafiya kuwa? Ko ka yi sabuwar mata ne a lakwal, tana ba ka abin da ya fi nawa?"

"Ba komai, Dada."

"Me ka ɗaure a hannu?"

"Ƙaya ce."

Da ya keɓe a bayan rumbu, ya kwance tsumman. Tsakiyar mikin ya zama baƙi kamar gawayi. Gefensa ya kumbura, har bayan hannu. Ya ɗauki tsinke ya taɓa baƙin. Bai ji komai ba. Ya danna da ƙarfi. Ko ɗis. Kamar ba yatsansa ba. Wannan ya fi ba shi tsoro a kan ciwo mai zafi.

Ranar Juma'a da safe malaminsu, Malam Inuwa, ya ce a fito da kaye, wato littafin rubutu, za a yi dikte, wato shifta. Malam Inuwa mutumin Damagaram ne, dogo, ba ya yawan faɗa. Ya fara karantawa yana zagaya aji. Ya zo kan yaron ya tsaya. Alƙalami yana ta zamewa daga hannunsa.

"Me ya sami hannunka?"

"Ƙaya ce, Malam."

"Biyo ni waje."

Suka tsaya a gindin itacen bedi. Malam ya ce ya kwance tsumman da kansa. Ya sunkuya ya duba, bai taɓa ba. Fuskarsa ta canza.

"Yana zafi?"

"A'a, Malam."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

Malam ya miƙe tsaye. Sannan ya ce, "Gidanmu a Damagaram kusa da majema yake. Ina yaro na ga irin wannan miki a hannun wani mai jima. Ba ƙaya ke kawo shi ba. Faɗa mini gaskiya. Ka taɓa mushe?"

"A'a, Malam."

"Saurara da kyau. Namun daji ma suna ciwo, kamar yadda muke yi. Akwai ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani. Suna zama a jinin dabba, da namanta, da fatarta. In ta mutu, ba sa mutuwa tare da ita. Suna bin ruwa da ciyawa su shiga shanu. Suna bin ƴar tsaga a fata su shiga mutum. Wanda ya ci naman kuwa, abin ya fi muni. Wannan miki naka yana da magani, in an yi sauri. Amma dole in san inda ka samo shi."



Kafin yaron ya amsa, sai ga ƙanwarsa Nafi a guje, ƴar shekara shida. Tana haki.

"Yaya! Yaya! Tattabara ta faɗi! Baba ya kira Ɗan Azumi. Za a yanka, yau za mu ci nama!"

Yaron bai nemi izini ba. Ya zuba da gudu. Malam Inuwa ya leƙa aji, ya ce kowa ya zauna, ya bi bayansa.

A garin nan, in dabba ta faɗi, akan yi sauri a yanka ta kafin rai ya fita, don kada ta zama mushe. Sai a raba naman gida-gida. Haka aka gada, kuma ba wanda ya ga laifin hakan. A wannan shekara kuwa, an yi watanni ba a ga nama a tukunya ba. Kafin yaron ya iso, turken shanu ya cika da mata da yara, kowa da ƙwarya ko kwano. Nafi ma ta shiga ɗaki ta ɗauko ƴar tasarta.

Tattabara tana kwance, jikinta yana ɓari. Jiya lafiyarta ƙalau. Ɗan Azumi mahauci ya riga ya sa an juya ta gabas. Yana wasa wuƙa a kan dutse. Illo yana tsaye a gefe, idanunsa sun yi ja.

Yaron ya kutsa cikin mutane. Ya dubi hancin saniyar. Jini ne yake ɗiga, baƙi ƙirin, bai daskare ba.

Ya dubi Baba. Ya dubi Nafi, ta rungume tasarta tana murmushi. Ɗan Azumi ya miƙe, ya gwada kaifin wuƙa a farcensa, ya taka wuyan saniyar.

"Kada a yanka!"

Kowa ya juyo.

"Kai, matsa!" in ji Illo. "Rai zai fita."

"Baba, don Allah kada a yanka! Kada kowa ya ci!"

"Ka haukace ne?"

Yaron ya fashe da kuka. "Ƙarya na yi maka, Baba. Ba wajen baduku na samo fatar ba. Fatar barewa ce. Na same su a daji, su uku, sun mutu. Irin wannan jinin ne a hancinsu. Da ita na ɗinke guga. Kuma ga hannuna."

Ya ɗaga hannun sama. Matan da ke kusa suka ja da baya.

Ɗan Azumi ne ya fara magana.

"To, sai me? Yaro ne zai hana gari nama? Ai wuta tana kashe komai. In an dafa, shi ke nan."

Malam Inuwa ya matso. "Ɗan Azumi, kafin naman ya kai ga wuta, hannunka zai shiga jinin. Matan da za su yayyanka shi ma haka. Yara za su gasa hanta sama-sama su ci. Jinin da zai zuba a nan kuma, ƙasa za ta riƙe cutar shekara da shekaru. A nan sauran shanun suke kwana."

"Malam, wannan zancen lakwal ne," in ji Ɗan Azumi. "Shekara ashirin ina fawa."

Wasu suka ce gaskiya ne. Yunwa ba ta son dogon bayani.

Dada ta taso da sandarta. Ta zo gaban yaron, ta ce ya miƙo hannun. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta juya ta dubi hancin saniyar. A yau babu wasa a bakinta.

"Illo," ta ce, "ciwon saifa ne."

"Kin tabbata, Dada?"

"Ina budurwa, a garinmu, wani sa ya faɗi haka. Aka yanka, gida huɗu suka ci. Da aka buɗe cikinsa, saifar ta kumbura, ta yi baƙi. Ba wanda ya kula. Bayan kwana uku aka fara haƙa kabari. A ciki har da ƙawata, wadda muke zuwa rijiya tare."

Wata mata ta ɓoye ƙwaryarta a bayanta.

Yanzu magana ta rage ga Illo. In ya ce a yanka, gidansa da maƙwabta za su ci nama, a sami fata. In ya hana, saniyar da ya fi so za ta tafi a banza, ko ƙaho ba zai ɗauka ba. Ya dubi Tattabara.

"Ɗan Azumi," ya ce, "mai da wuƙarka kube."

Suka tsaya a nesa suna kallo. Ba a daɗe ba. Saniyar ta miƙe ƙafafu, ta yi wani dogon nishi, ta yi shiru. Illo ya juya baya, ya share ido da hannun riga. Mutane suka watse da kwanoninsu wayam. Nafi ba ta gane komai ba, ta yi ta kuka a kan naman da aka hana ta.

Malam Inuwa ya faɗi abin da za a yi. Kada a feɗe, kada a taɓa da hannu. Aka kora sauran shanu uku can nesa. Maza suka haƙa rami mai zurfi a wurin, suka ja gawar da igiya ta faɗa ciki. Aka kankare ƙasar da jini ya ɗiga, aka zuba. Aka tara itace aka cinna wuta, sannan aka binne.

"Nonon sauran ma kada a sha," in ji Malam, "sai likitan dabbobi ya gan su."

Ya hau mobilet ɗinsa, wato ƙaramin babur, ya kama hanyar Magaria don ya kai labari. Illo kuwa ya ɗora yaron a kan jaki, suka nufi gidan likita a Dungas. Har suka isa bai ce masa komai ba.

Likita ya duba hannun, ya girgiza kai. "Da kun ƙara kwana biyu, da cutar ta shiga jini. Amma kun zo a kan lokaci. Allura ce kullum, har kwana bakwai."

Allurar tana da zafi ƙwarai. Yaron ya cije baki. Ya ga bai cancanci ya yi kuka ba.

Washegari da azahar mota ta shigo garin. Likitan dabbobi ne da mutanensa biyu. Mai gari ya sa aka yi shela. Aka tara shanu da tumaki da awaki, aka yi musu rigakafi. Shanun Illo uku aka yi musu allurar magani, aka ce a ware su mako biyu. Aka ƙone guga, aka ƙone komi. Aka cike rijiyar tafki da ƙasa.

Sannan likitan dabbobi ya dubi yaron. "Kai ne ka ga bareyin? Kai mu wurin."

Yaron ya shige gaba. Da suka isa aduwar, babu bareyi. Sai ƙasusuwa a warwatse, da ƙaho, da sawun dila. Ƙasar wurin ta yi baƙi-baƙi. Har yanzu wurin shiru yake.

"Ai sun ƙare," in ji yaron.

"Su sun ƙare, cutar tana nan," in ji likitan. Ya nuna ƙasa da sanda. "Tana kwance a nan, tana jira. Bana ciyawa ta yi ƙasa, dabbobi suna cin ta har da turɓaya. Da haka bareyin nan suka ɗauka. Ungulu da dila da ƙuda sun kwashi wata sun kai gaba. In ruwa ya sauka, zai wanke saura ya kai tafki. Ka ga, dajin nan da turken gidanku da tukunyar gidanku, duk hanya ɗaya ce ta haɗa su."

"Duk naman daji yana da cuta ke nan?"

"A'a. Yawancinsu lafiyarsu ƙalau, kuma ba ruwansu da kai. Wanda za ka ji tsoro shi ne wanda ya mutu ba dalili. Da wanda ya daina gudun mutum, kamar dilan da zai shigo gari da rana tsaka. In ka ga irin wannan, kada ka taɓa. Ka zo ka faɗa."

Suka tattara ƙasusuwan da shebur, suka ƙone. Suka sare ƙaya suka kewaye gindin aduwar, don kada dabba ta sake kiwo a nan.

Mako biyun nan sun yi wa gidan tsawo. Ana tatsar nono ana zubarwa a rami. Fura ba nono, sai tsamiya. Kowace safiya yaron yakan ruga inda aka ware shanun. Yakan leƙa hancinsu ɗaya bayan ɗaya. Yau lafiya. Gobe ma lafiya. Kumburin hannunsa ya saɓe. Baƙin ɓawon ya bushe, ya fara ɗagowa.

Allah ya taimaka, su ukun duka suka tsira. A garin ma ba dabbar da ta sake faɗuwa. Ranar da aka ce a sha nono, Nafi ta sha har ya zubo mata a wuya.

Bayan nan likita ya ce a kawo yaron ya sake duba hannun. Ya duba, ya ce ya warke. A hanyar dawowa yaron yana kan jaki, Illo yana tafe a ƙasa. Hadari ya fara haɗowa a gabas. Tun ranar nan Baba bai tayar da maganar ba, kuma shirun ya ishi yaron.

"Baba."

"Na'am."

"Ni na kashe Tattabara. Ka yafe mini."

Illo ya yi ƴan taku. Sannan ya tsayar da jakin.

"Taɓa mushen da ka yi, rashin sani ne," ya ce. "Ni kaina ban san cuta tana bin fata ba. Ƙaryar ita ce laifinka. Da ka faɗa mini tun ranar farko, da faɗa kawai zan yi maka, ya wuce."

Yaron ya sunkuyar da kai, hawaye suna ɗiga a wuyan jaki.

"Amma ka tsaya a gaban gari duka ka tona kanka," in ji Illo. "Na ga wannan ma. Saniya ɗaya na binne. Da ka yi shiru a ranar nan, da ƙanwarka zan binne. Na yafe maka. Share fuskarka, mu je gida kafin ruwa ya same mu."

Yaron ya share fuska. A ranar ya ci tuwo har ya nemi ƙari.

To, yara, kun ji abin da ya faru. In kun ga naman daji ya mutu ba dalili, kada ku taɓa namansa, ko jininsa, ko fatarsa. Ku nisance shi, ku je ku faɗa wa manya. Cutar daji tana iya shiga dabbobin gida, ta shiga mutane. In kuma kun riga kun yi kuskure, ku faɗi gaskiya tun da wuri, tun ana iya gyarawa.